Yadda Ake Shirya Jiki Don Cin Gwajin Lafiyar Matuƙin Jirgin Soja

Tambayoyi uku ne ke ta dawowa daga masu burin tuƙa jirgin soja: "Ina sa tabarau, za su ɗauke ni?" "Ni gajere ne, akwai amfanin in nema?" "Kilomita nawa zan riƙa gudu kullum?" Ta ukun ce ta fi sauƙin sha'ani, domin gudu koyonsa ake yi. Abin takaici shi ne mutum ya kwashe shekara yana sammakon gudu, ya je gaban likita, a buɗe masa wani ɗan littafi mai ɗige-ɗigen launi, cikin minti biyu a ce ya koma gida.

Likitan sojin sama abubuwa iri uku yake dubawa a jikinka. Akwai wanda aka halicce ka da shi kuma ba ya canzawa, kamar tsawon ƙashi da gane launi. Akwai wanda kake da shi lafiya lau amma kana iya lalatawa da hannunka, kamar ji da haƙori. Akwai kuma wanda ake ginawa, wato numfashi da ƙarfin tsoka. Haka aka jera matakan nan, kuma a haka ya kamata ka bi su.

1. Samo ƙa'idar rundunar da kake nema, a rubuce

Kowace ƙasa da nata ma'auni, kuma a ƙasa ɗaya ma sojin sama da na ruwa da na ƙasa ba sa haɗuwa a kan alƙalami guda. Nemi takardar sharuɗɗa ta shekarar da kake ciki daga ofishin ɗaukar soja ko shafin rundunar na intanet. Ka tabbatar ta matuƙa ce, domin sharaɗin shiga soja gaba ɗaya ya fi na matuƙi sassauci nesa ba kusa ba. Duba iyakar shekaru tun yanzu, saboda ita za ta gaya maka yawan lokacin da ya rage maka na gyara.

Gargaɗi: kada ka gina shirinka a kan abin da wani tsohon soja ya faɗa maka daga zamaninsa. Ƙa'idoji na canzawa. Alƙaluman da za ka gani a ƙasa misalai ne don ka fahimci abin da ake aunawa.

2. Auna ƙasusuwanka

Kayan aiki: tef na awo, benci mai tauri marar katifa, bango miƙaƙƙe, littafi mai bango mai ƙarfi, fensir, da mutum ɗaya da zai taya ka.

Tsawonka a tsaye ba shi ne babban abin dubawa ba. Matuƙi a zaune yake aiki, cikin wuri matsattse da aka ƙera da wani awo. Idan gangar jikinka ta yi tsawo, hular kwano za ta taɓa murfin gilashin jirgi. Idan ta yi gajarta, ba za ka hango gaban hancin jirgin ba lokacin sauka. Idan cinyarka ta cika tsawo, ranar da kujerar tsira, wadda ke harba matuƙi waje idan jirgi zai faɗi, ta cilla ka sama gwiwoyinka za su daki allon na'urori. Idan hannunka bai kai ba, akwai maɓallan da ba za ka taɓa ba bayan an ɗaure ka tamau da bel.

Ga yadda ake yi. Zauna a kan bencin, mazaunanka da kafaɗunka a manne da bango, tafin ƙafa a ƙasa, gwiwa a lanƙwashe kamar kusurwar akwati. A ɗora littafin a kan kanka a kwance, a ja layi a bango, a auna daga saman benci zuwa layin: tsawon zaune ke nan. Ba tare da ka motsa ba, a auna daga bango zuwa gaban ƙoƙon gwiwa: tsawon cinya. Sannan ka miƙa hannu gaba, kafaɗa na manne da bango, ka haɗa babban yatsa da manuniya kamar mai kama maɓalli, a auna daga bango zuwa ƙarshen babban yatsan. Kowane awo a maimaita sau uku.

Don ka sami abin kwatanci: sojin saman Indiya suna neman tsayin santimita 162.5 a ƙalla, tsawon zaune daga 81.5 zuwa 96, cinya kada ta wuce 64, ƙafa kuma daga 99 zuwa 120. Sojin saman Amurka sun daɗe suna amfani da inci 64 zuwa 77 a tsaye, wato santimita 163 zuwa 196, da inci 34 zuwa 40 a zaune. A 2020 suka cire sharaɗin tsayin a matsayin shingen farko, suka koma auna gaɓoɓin kowane mai nema su ga irin jirgin da zai dace da shi. Wannan ya buɗe ƙofa ga gajeru da yawa, musamman mata.

Gargaɗi: mutum ya fi tsayi da safe fiye da yamma da santimita ɗaya zuwa biyu, saboda guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan baya yana matsewa da zirga-zirgar yini. Idan kana bakin iyaka, auna a lokutan biyu ka san inda ka tsaya. Magungunan ƙara tsayi da ake tallatawa kuwa asarar kuɗi ne. Da zarar ƙashi ya gama girma, shi ke nan.

3. Ido: fara da launi

A nan ya kamata kuɗinka na farko su tafi. Je asibitin ido na gaske, ba shagon sayar da tabarau ba, ka ce cikakken gwaji kake so kuma a rubuta maka sakamakon kowane ɓangare.

Fara da gane launi, domin shi ne ba shi da magani. Gado ne, yakan biyo ta wajen uwa, kuma ya fi yawa ƙwarai ga maza. Mutum yana iya girma har ya yi gemu bai san yana da shi ba, saboda yana bambance jan kyalle da kore da rana tsaka. Matsalar tana fitowa ne a ƙaramar fitila daga nesa cikin dare, ko a siraran alamomin allon jirgi. Gwajin da aka fi sani shi ne littafin Ishihara, mai lambobi a ɓoye cikin ɗige-ɗige. A yi maka shi a hasken rana ko fitila mai kama da shi, kowane shafi cikin daƙiƙa uku.

Gargaɗi: akwai masu haddace shafukan littafin. Ɓata lokaci ne. Manyan rundunoni sun koma gwajin kwamfuta da ke jujjuya alamomi yana kuma rage kaifin launi a hankali, ido ɗaya bayan ɗaya. Tabaran da ake cewa yana gyara ganin launi ma ba a yarda a shiga da shi. Gwajin da kake yi a waya kuma ba hujja ba ne, domin kowace waya da yadda take nuna launi.

Sai kaifin gani. Za ka ga an rubuta 6/6 ko 20/20, duk abu ɗaya ne, na farko da mita, na biyu da ƙafa. Idan aka ce 6/12, ma'anarsa abin da lafiyayyen ido ke karantawa daga mita 12, kai sai ka matso mita 6. Tabarau kaɗai ba ya hana mutum a ko'ina. Abin da ake tambaya biyu ne: me kake gani ba tabarau, kuma da tabarau kana kai wa 6/6 a kowane ido? Sojin ruwan Amurka sun daɗe a kan 20/40 ba tabarau ga ɗaliban tuƙi, sojin ƙasansu kuma 20/50, dukkansu da sharaɗin gyara ya kai 20/20. Wasu ƙasashen sun fi haka tsanani.

Ka nemi a ɗiga maka maganin da ke buɗe ƙwayar ido kafin a auna lambar tabarau. Idon matashi yana da ƙarfin matse kansa ya ɓoye lahani, maganin ne ke sa tsokar ta saki a ga gaskiyar lambar. Likitan soja zai yi maka haka, gara ka riga shi sani. Ganinka zai yi hazo na sa'o'i bayan ɗigon, don haka ka zo da baƙin tabarau da wanda zai mai da kai gida.

Sauran gwaje-gwajen su ne gane nisa da kusa da ido biyu, wanda sauka da shan mai a sama suka dogara a kai, harara-garke ta ɓoye, wadda ba ta fitowa sai an rufe ido ɗaya ko mutum ya gaji, matsin ruwan cikin ido, faɗin gani ta gefe, dundumi, da taswirar tantanin gaban ido, wadda ke kama cutar da ke sa tantanin ya yi siriri ya tsiro kamar mazurari.

Idan kana sa gilashin da ake mannawa a kan ƙwayar ido, cire shi makonni kafin gwaji, mai tauri kuma watanni, domin yana sauya siffar tantanin. Takardar gayyata takan faɗi adadin kwanakin.

Gargaɗi mafi girma a wannan mataki: kada ka yi aikin ido na lesa kafin ka karanta ƙa'ida. Rundunoni da dama suna karɓar PRK da LASIK, nau'o'i biyu na aikin lesa, yanzu, sojin saman Amurka ma sun amince wa matuƙansu LASIK tun 2007. Amma da sharuɗɗa: shekarunka lokacin aikin, lambar idonka kafin aikin, kaurin tantanin da ya rage, da jiran watanni shida ko shekara guda bayan aiki. Tsohon salon nan na tsattsaga tantanin da wuƙa ba a karɓarsa. Mai lambar da za a iya karɓa da tabarau yana iya zuwa ya yi aikin da bai cika sharaɗi ba, ya zama an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Idan ka yi aikin, karɓi kwafin duk awon da aka yi maka kafin aiki da bayansa ka adana. Babu waɗannan takardu, babu magana. Aikin lesa ne kuma abu mafi tsada a duk shirin nan, don haka shi ne na ƙarshe da za ka taɓa.

4. Kunne, hanci da haƙori

Gwajin ji a ɗan ɗaki marar ƙara ake yinsa. Za a sa maka abin sauraro, kana danna maɓalli duk lokacin da ka ji siririn sauti, daga Hz 500 har 6000 (Hz ma'aunin kaifin sauti ne, desibel kuma na ƙarfinsa). A ma'aunin sojin saman Amurka mafi tsanani, raunin ji kada ya wuce desibel 25 a 500, 1000 da 2000, ko 35 a 3000, ko 45 a 4000 da 6000. Lahanin da ƙara ke yi a wajen 4000 yake fara bayyana, mutum kuma ba ya lura domin hira yana jinta sarai. Abin da ya mutu a cikin kunne ba ya dawowa.

Ƙa'idar masu kula da lafiyar ma'aikata ita ce desibel 85 na awa takwas, kuma duk ƙarin desibel uku yana raba lokacin biyu. Iyafis da aka ƙure, zama kusa da lasifika, aikin inji da harbi ba toshin kunne, duk sun zarce wannan. Alama mai sauƙi: idan sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai ya ji ka, ko kunnenka na ƙara bayan ka bar wuri, ka yi ɓarna. Toshin kunne na soso araha gare shi. Idan dauɗa ta cika kunnen, ma'aikacin lafiya ya wanke maka mako biyu kafin gwaji. Kada ka tura tsinke ko auduga, ciki suke ƙara cusa ta.

Likita zai leƙa kunnenka ya ce ka toshe hanci, ka rufe baki, ka hura a hankali. Motsin dodon kunne yake son gani, alamar cewa bututun da ya haɗa kunne da maƙogwaro a buɗe yake. Dalili kuwa, a tsayin ƙafa 18,000 matsin iska rabin na ƙasa ne, duk iskar da ta maƙale a wani gurbi na jiki tana neman ninka girmanta, da saukowa kuma ta tsuke. Kunnen da ba ya daidaita kansa yana iya fashewa. Koyi wannan hurawar tun yanzu, a hankali, kuma ba lokacin mura ba. Toshewar hanci ta kullum, karkataccen guringuntsin hanci da yawan atishawar ƙura, a kai wa likita da wuri.

Haƙori ma haka. Rami ko tsohon cikon da iska ta shige ƙarƙashinsa yana iya tayar da azabar ciwo a sama. Je wurin likitan haƙori watanni shida kafin lokaci, a cike abin cikewa, a cire abin cirewa, ya warke.

5. Tarihin lafiyarka, jini da zuciya

Ɗauki takarda ka rubuta duk abin da ya taɓa samunka tun ƙuruciya, ka tambayi iyayenka abin da ba ka tuna ba: kwanciya asibiti, tiyata, karaya, suma, maganin da ka daɗe kana sha. Tambayar da likitan jiragen sama ke yi wa kowace cuta guda ce: shin tana iya kayar da mutum farat ɗaya yana sama? Shi ya sa ake tsananta wa farfaɗiya, buguwar kai da ta kai ga suma, ciwon ɓarin kai, tsakuwar ƙoda, ciwon suga, huhun da ya taɓa saɓulewa da kansa, tafiya cikin barci, da asma. A ƙa'idar sojin Amurka, asmar da ta ci gaba bayan cika shekara 13 tana hana shiga sai da sassauci na musamman. Ana kuma tambayar ciwon damuwa da magungunansa.

Gwaje-gwajen da ya dace ka yi da kanka ba su da yawa: awon hawan jini, zanen bugun zuciya na ECG, yawan jini, suga, fitsari, ciwon hanta, da nau'in jini na sikila. Hawan jini 140/90 shi ne iyakar da aka fi amfani da ita. Auna shi a ranaku daban-daban, bayan ka zauna minti biyar, ka rubuta. Wannan rubutun zai taimake ka idan kana cikin waɗanda jininsu ke hawa da ganin farar riga. ECG kan tono lahanin wayoyin zuciya ga matashin da bai taɓa jin komai ba, wasunsu kuma ana gyara su. Mai SS ba ya shiga. Mai AS kuwa, wasu rundunoni na karɓa wasu ba sa karɓa, kuma ko an karɓe shi dole ya kiyayi ƙishirwa da ƙure jiki cikin zafi.

A duba ƙashin baya. Ka sunkuya ka taɓa yatsun ƙafa wani ya kalle ka ta baya; idan ɓangare ɗaya na haƙarƙari ya fi ɗaya tudu, nemi hoton ƙashi. Kujerar tsira tana harba mutum da ƙarfin da ya ninka nauyinsa sau goma sha biyu ko fiye, karkataccen baya kuwa ba ya ɗaukar wannan.

Gargaɗi: kada ka ɓoye komai a fom. Cutar da ka bayyana ana iya yi mata sassauci. Ƙaryar da aka gano ba a yi mata, kuma laifi ce a dokar soja ko da an gano ta bayan shekaru. Tabon tiyata ba ya ɓuya, kuma a wasu ƙasashe likitan soja yana ganin bayanan asibitocin farar hula a kwamfutarsa. Kada kuma ka daina shan maganin da likita ya ɗora ka a kai don kawai ka tsallake gwaji.

Za a gwada fitsari don ƙwaya. Wiwi kan daɗe makonni a jikin mai yawan sha. Kodin da tiramadol da allurar kumbura tsoka duk suna iya fitowa idan an neme su. Taba ma a bar ta: hayaƙinta na ɗauke da iskar da ke kama jini fiye da oksijin sau ɗari biyu, tana rage ganin dare da juriyar sama.

6. Nauyi

Raba nauyinka na kilo da tsayinka na mita, sannan ka sake raba abin da ka samu da tsayin. Mai kilo 70 da mita 1.75 zai sami kusan 23, daidai ke nan, daga 18.5 zuwa 25 ake ɗauka lafiyayye. Idan ka zarce, sukan auna ƙugu da wuya su ƙiyasta kitse. Rama ma matsala ce. An ƙera kujerar tsira ta jirgin F-35 don masu kilo 47 zuwa 111, amma a 2015 aka dakatar da matuƙan da ba su kai kilo 62 ba saboda haɗarin karyewar wuya, sai a 2017 aka ɗage bayan an yi wa kujerar da hular gyara. Rage rabin kilo a mako ya isa. Yunwar dole da maganin sa fitsari a makon gwaji suna rikita bugun zuciya da sakamakon jini.

7. Gina jiki: wata shida a ƙalla

Ba a fafe gora ranar tafiya. Gwajin ƙarfi a yawancin rundunoni bai wuce gudun kilomita 2.4 ko 3.2, ɗaga jiki da hannuwa daga ƙasa, da kwanciya rigingine a tashi zaune cikin minti ɗaya ko biyu ba. Wasu suna ƙara gudun kai-da-kawo na mita 20 da ake bin ƙarar na'ura. Kayan da kake buƙata takalmin gudu mai kyau ne da agogo.

Gudu sau uku a mako ya wadatar. Rana ɗaya gudu mai sauƙi na minti 30 zuwa 45, irin wanda za ka iya hira a cikinsa. Rana ɗaya mita 400 sau shida da sauri, da hutun minti biyu a tsakani. Rana ɗaya minti 20 a saurin da ke matsa ka amma bai tsayar da kai ba. Kilomita 2.4 zagaye shida ne na filin tsere, wanda ke son gamawa a minti 11 sai ya riƙe minti ɗaya da daƙiƙa 50 a kowane zagaye. Ga namiji matashi wannan buri ne mai kyau, domin ranar gwaji fargaba da rashin barci za su ci wani abu daga ciki. Kowane wata ka gwada kanka da cikakken tsarin gwajin, a jere yadda za a yi shi.

Gargaɗi: kada ka ƙara nisan mako da fiye da kashi goma cikin ɗari. Ciwon ƙwauri da ya tsaya a wuri ɗaya, wanda kake iya nunawa da yatsa, yana iya zama tsagewar ƙashi. Tsaya ka ga likita. Fitsari baƙi bayan motsa jiki mai tsanani alamar narkewar tsoka ce, asibiti ake zuwa nan take.

Koyi iyo. Masu tuƙi a kan teku ana sa su cikin gangar jirgi ta gwaji, a nutsar da ita, a kifar, su kwance bel su fito, wani lokaci ido a rufe. Wanda bai saba da ruwa a fuska ba a nan yake ruɗewa.

8. Shirin ɗaukar nauyin G

Wannan gwajin sai bayan an ɗauke ka, amma tsokar da zai nema yanzu ake gina ta. G ɗaya shi ne nauyinka na yau da kullum. Idan jirgin yaƙi ya yi kwana mai tsini, nauyin kan ninka har sau tara, jini ya zube zuwa ciki da ƙafafu. Tsakanin zuciya da ido kusan santimita 30 ne, kuma kowane G yana rage matsin jini a daidai ido da kusan 22 a ma'aunin hawan jini. Da an kai G biyar, wanda ya saki jiki ba abin da ke isa kansa. Gani ne ke fara tafiya: launi ya dushe, gefe ya rufe kamar mai leƙe ta bututu, sai duhu, sai suma. Ƙwaƙwalwa ba ta da ajiyar oksijin da ta wuce ta daƙiƙa biyar ko makamancin haka.

Wandon da ke kumbura ya matse ƙafafu da ciki G ɗaya ko ɗaya da ɗoriya yake ƙarawa. Sauran aikin tsoka ne: matuƙi ya ɗaure sha-raɓa da cinya da mazaunai da ciki, ya riƙe numfashi a maƙogwaro, ya sauya shi da sauri duk bayan daƙiƙa uku. A na'urar juyi, wadda ke wulwula mutum da sauri don ya ji nauyin G, ake koyar da wannan. Saboda haka sau biyu ko uku a mako ka yi tsuguno da tashi da nauyi a kafaɗa, ɗaga ƙarfe daga ƙasa, ɗaga diddige, da dogara gwiwar hannu a ƙasa jiki a miƙe na minti ɗaya zuwa biyu. Mai dogon gudu zalla, siririn ƙafa, bugun zuciya can ƙasa, ba lallai ya fi ɗan gajeren kakkaura jurewa ba. A haɗa biyun.

Wuya kuma kada a manta da shi. Kai da hular kwano sun kai kilo shida zuwa bakwai, a G tara sun zama kusan kilo sittin. Dafa tafin hannu a goshi ka tura kai ba tare da ya motsa ba na daƙiƙa goma, haka ta ƙeya da gefe biyu, sau uku kowanne.

Gargaɗi: kada ka gwada wancan matse numfashin da cikakken ƙarfi a gida. Idan babu nauyin da ke jan jini ƙasa, hawan jini kawai kake tunkuɗawa kai. Jiri da amai a jirgi kuma ba su cika korar ɗalibi ba, yawanci jiki na sabawa, rundunoni ma suna da horon kujera mai juyawa don masu fama da shi.

9. Kwana uku na ƙarshe

Dakatar da motsa jiki mai nauyi awa 72 kafin gwajin likita, domin yana iya fito da jini ko furotin a fitsari ya kuma ɗaga alƙaluman hanta. Daina garin ƙarin tsoka da sauran ƙwayoyin ƙarin kuzari makonni kafin nan. Guji ƙara awa 14 a ƙalla kafin gwajin ji. Kada ka sha abin da ke da kafeyin ko lemon ƙara kuzari a ranar, haka maganin mura mai buɗe hanci, duk suna ɗaga bugun zuciya. Sha ruwa daidai, yi barci sosai dare biyu a jere. Idan an ce a zo ba a ci komai ba, awa takwas zuwa goma sha biyu ake nufi. Idan mura ko zazzaɓi ya kama ka, nemi a ɗage maka rana. Ke kuma, idan ranar ta faɗo cikin al'ada ki faɗa kafin gwajin fitsari, kuma ki duba yawan jininki watanni kafin nan, domin ƙarancinsa gyaruwa yake yi amma ba cikin mako ɗaya ba.

Riƙo tabaranka da takardar lambarsa, katin rigakafi, da dukan rahotannin asibiti a fayil ɗaya, na asali da kwafi.

10. Idan aka ce ba ka ci ba

Tambayi wane iri ne: na wucin gadi ko na dindindin. Nauyi, ramin haƙori, ƙarancin jini, dauɗar kunne da hawan jinin rana ɗaya duk na wucin gadi ne, akan ba da lokaci a dawo. Na dindindin ma wani lokaci ana ɗaukaka ƙara ko a nemi sassauci, kuma wa'adin yin haka gajere ne, don haka ka tambayi adadin kwanakin kafin ka bar wurin. Nemi a rubuta maka sunan lahanin da alƙalamin da aka samu. Da wannan za ka je wurin ƙwararren likitan fannin, ya maimaita gwajin da irin na'urar da rundunar ta yarda da ita, ya rubuta rahoto mai ɗauke da awo, kwanan wata da hatimi. Wasiƙar da ta ce "lafiyarsa ƙalau" kawai ba ta da nauyi a gaban kwamitin likitoci.

Idan awon ƙashi ne ya hana ka jirgin yaƙi, tambaya ko ya dace da jirgin dakon kaya ko mai saukar ungulu, waɗanda yawancinsu ba su da kujerar tsira kuma mazauninsu ya fi faɗi. Jirgi marar matuƙi da aikin kula da na'urorin yaƙi a cikin jirgi su ma suna da nasu ma'aunin daban, kuma a wasu rundunoni fom ɗaya ake cikewa a zaɓi na biyu da na uku, don haka kada ka bar waɗannan guraben babu komai.